Kafin Hunturu Ya Dawo: Wace Hita Ta Dace da Akwatin Kifi?

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare



Duk wanda ya shiga ɗakin kimiyya a zangon farko na bara zai tuna akwatin gilashin nan da ke kusa da taga, mai ƙananan kifaye masu wutsiya kala-kala. Su goma sha ɗaya ne a lokacin. Yau saura uku. Tun da aka dawo daga hutun ake tare mu ana tambaya, wasu 'yan babbar sakandare ma cewa suke wai soya su muka yi. Ba mu soya su ba. Kifin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, me mutum zai ci a jikinsa? Sanyi ne ya kashe su, kuma da laifinmu a ciki, shi ya sa muka roƙi a ba mu wannan fili a bango mu faɗi abin da muka gano. Mun san a cikinmu akwai masu akwatin kifi a gida, akwai kuma masu damun iyayensu a saya musu.

Ga yadda abin ya faru. Da hutun Disamba ya zo, Malamin Kimiyya ya ce ba za a bar kifayen a makaranta babu mai ba su abinci ba. Muka rage ruwan, muka zuba kifayen a bokiti, muka ɗora akwatin a adaidaita sahu zuwa gidan ɗaya daga cikinmu. Aka ajiye shi a falo, jikin taga, don mun ɗauka kifi na son haske. Makon farko lafiya lau. Da sanyi ya kankama sai kifayen suka daina rububin abinci. Suka koma ƙasan akwati suka lafe, wutsiyoyinsu a tsuke. Bayan 'yan kwanaki wasu fararen ɗige-ɗige suka fito musu kamar an barbaɗa musu gishiri. Daga nan kusan kullum da safe sai a tsamo ɗaya.

Mu a tunaninmu abin da ke zaune cikin ruwa dare da rana ba ya jin sanyi. Ashe ya fi mu ji. Jikin mutum yana riƙe zafinsa wajen digiri 37 a ma'aunin Selsiyos, ko ana hunturu ko ana bazara. Kifi ba haka yake ba, zafin jikinsa shi ne zafin ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya yi sanyi, komai na jikinsa sai ya yi sanyi: narkar da abinci, motsi, har da ƙarfin da yake yaƙar cuta da shi. Cutar fararen ɗige-ɗigen nan wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke kawo ta, kuma ta fi samun galaba a kan kifin da sanyi ya riga ya galabaitar. Masu kiwon tarwaɗa sun daɗe da sanin wannan. Ku tambayi duk mai kududdufin kifi a unguwarku, zai gaya muku cewa da hunturu kifi ba ya cin abinci sosai, ba ya saurin girma, ƙananan kuma sun fi mutuwa.

Namu kifayen sunansu gupi. Asalinsu daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne, wajajen Benezuwela da Tirinidad, inda ruwa ke da ɗumi duk shekara. Su da yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi sun fi jin daɗi idan ruwa yana tsakanin digiri 24 zuwa 28. Mu kuwa nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga Sahara, a wasu dararen sanyin waje yakan sauko ƙasa da digiri 15, a Jos ma ya fi haka tsanani. Kuma ba sanyin kaɗai ne matsalar ba, har da hawa da saukar da zafin ke yi. Da rana hasken taga ya ɗumama ruwa, da asuba ya koma kamar na randa. Ƙaramin akwati ya fi saurin wannan canji, kamar yadda shayi a kofi yake riga na cikin tukunya hucewa.

A nan sai mu tsaya mu ce ba kowane kifi ne ke buƙatar hita ba. Jan kifin nan mai ƙyalli da ake kira kifin zinare, wanda mutanen Sin suka fara kiwo tun fiye da shekara 1000 da suka wuce, yana jure ruwan sanyi, ba ruwansa da hunturunmu. Idan shi kake da shi, ka adana kuɗinka. Don haka tambayar farko ga mai sayar da kifi ita ce: wannan kifin, wane irin ruwa yake so?

Ba hitar wanka ba

Da muka ce a aji za mu haɗa kuɗi mu sayi hita, wani ya ce a bar wahala, akwai a gidansu, zai kawo gobe. Hitar dafa ruwan wanka yake nufi, wadda ake tsomawa a bokiti. Wata kuma ta ce a kawo kasko da garwashi a ajiye ƙarƙashin teburin. Malam ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ce mu fito da littafin lissafi.

Da farko ya sa muka auna akwatin: tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 30. Idan ka ninka su uku ka raba da 1000, za ka sami yawan litar ruwan da yake ci. Namu ya ba da lita 54. Sai ya ce kowace lita ɗaya ta ruwa tana buƙatar jul 4200 na makamashi kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Ke nan akwatinmu yana buƙatar jul 226,800. Hita mai wat 1000, irin ƙarfin da yawancin na wanka ke da shi ko ma fiye, tana ba da jul 1000 a kowace daƙiƙa. Ku raba ku gani: cikin ƙasa da minti huɗu ta ƙara digiri ɗaya. Cikin rabin awa kusan digiri takwas. Kafin ka je ka sayo ƙosai ka dawo, farfesu ya fara. Ga shi ba ta san tsayawa ba sai an cire ta, ga kuma jan mutum da irinta ke yi idan ya taɓa ruwan. Kasko kuwa zai iya fasa gilashin, sannan hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki mutane ma yana kashewa.

Hitar akwatin kifi daban ce. Wani dogon bututu ne, yawanci na gilashi, a rufe ruf, da siririyar wayar da ke yin zafi a ƙasansa. Mai wat 50 takan ɗauki kamar awa ɗaya da kwata kafin ta ƙara wa akwatinmu digiri ɗaya. Da farko mun raina ta. Daga baya muka gane wannan jan ƙafar shi ake so, domin kifi ya fi jure canjin da ke zuwa a hankali.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne abin da ke saman bututun, wato tamostat. Mu dai mun sa masa suna maigadi. Kun san dutsen guga na lantarki, yadda yake yin ƙas, 'yar fitilarsa ta mutu, bayan ɗan lokaci ya sake yin ƙas ta kama? To irin wannan ne. Ƙarafa biyu mabambanta aka manne wuri ɗaya, siririya kamar reza. Idan zafi ya taɓa su, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa, sai abin ya lanƙwashe ya rabu da inda yake taɓawa, wuta ta yanke. Idan ruwa ya huce sai ya miƙe ya sake taɓawa, wuta ta dawo. Wasu sababbin hitocin ba su da wannan ƙarfen, wata 'yar na'urar lantarki ce ke auna zafin, amma aikin ɗaya ne.

Duk amincin hita a wurin maigadin nan yake. Kowace waya aka sa wa wuta za ta yi zafi, wannan ba gwaninta ba ce. Gwanintar ita ce ta san lokacin dainawa. Hita tana lalacewa ta hanya biyu. Ko dai ta mutu ta daina ɗumamawa, ko kuma ta maƙale a kunne. Ta farkon da sauƙi, don ruwa a hankali yake hucewa, za ka iya lura kafin a yi asara. Ta biyun ce mugunya. Duk lokacin da ƙarfen ya taɓa ko ya saki, ɗan tartsatsi yakan tashi a wurin. Bayan dubban kunnawa da kashewa, wurin yakan iya narkewa ya liƙe. Daga nan hita ba za ta ƙara kashe kanta ba, kai kuwa kana barci.

Wannan ne ya warware mana gardamar da muka fi yi, wato gardamar girma. Da yawanmu sun ce tunda za a kashe kuɗi, a sayi babba kawai, mai wat 200, a huta. Amma lissafi ya nuna idan mai wat 200 ta maƙale a akwatinmu, za ta riƙa ƙara wajen digiri uku a kowace awa. Kafin kiran sallar asuba ruwan ya wuce abin da kifi zai iya ɗauka. Ruwan zafi kuma ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa kamar mai sanyi, ke nan ga ƙuna ga shaƙewa. Idan mai wat 50 ce ta maƙale, ruwan zai yi ɗumi fiye da kima, amma a daren hunturu zafin da ke fita ta jikin gilashi zai rage mata ƙarfi, sai ka samu damar ganewa da safe. Ƙa'idar da masu kiwon kifin ado suka saba bi ita ce kamar wat ɗaya ga kowace lita ɗaya. Lita 54, wat 50. Idan ɗakin mai tsananin sanyi ne a ɗan ƙara. Masu manyan akwatuna sukan sa ƙanana biyu maimakon babba ɗaya, don idan ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe, idan ɗaya ta maƙale ba ta da ƙarfin dafa ruwan ita kaɗai. Mun so mu yi haka da masu wat 25 guda biyu, kuɗinmu ne bai kai ba.

A shago

Ranar Asabar mu uku muka bi yayan ɗayanmu zuwa shagon da ake sayar da kifin ado. Abu na farko da Malam ya ce mu duba shi ne lambar da ke da harafin V a jikin kwali. Wutar Najeriya 230V ce, don haka hitar da ta dace za ka ga an rubuta mata 220-240V. Kayan da aka yi don Amurka 110-120V ne. Idan ka jona irinsu a soket ɗinmu zafin da za su yi ya ninka wanda aka tsara musu wajen sau huɗu, sai su ƙone ko su fashe. A cikin kayan gwanjo aka fi cin karo da su. Mai shagon ya nuna mana wata ta gwanjo, ya ce, “Yara, ku ɗauki wannan, ta fi sababbin nan ƙarko, ga araha.” Lambarta daidai take, amma da muka ɗaga ta a haske sai muka ga raɓa a cikin bututun. Raɓa a ciki na nufin ruwa yana shiga, ruwa da wuta kuwa ba sa shiri. Muka ce, “Baba, a yi haƙuri, a ba mu sabuwa.” Ko da babu raɓar ma, ba mu san sau nawa maigadinta ya yi ƙas a gidan mai ita na farko ba.

Akwai masu maɓallin murɗawa a sama da lambobin digiri, akwai waɗanda aka saita tun daga kamfani ba a canzawa. Mun zaɓi mai murɗawa. Mun duba tana da 'yar fitilar da ke nuna tana aiki, da robobi biyu masu manne ta a jikin gilashi, da layin da ke nuna iyakar inda ruwa zai tsaya. Mun shafa wayar tun daga sama har filogi ko akwai inda ta tsage. Akwai masu jikin ƙarfe da masu rigar roba waɗanda ba sa fashewa, sun fi dacewa da mai manyan kifaye irin tarwaɗa da ke iya bugun abu da ƙarfi, sai dai sun fi tsada. Gupi ba zai fasa komai ba.

Canjin da ya rage muka sayi ma'aunin zafi da shi, irin wanda ake mannawa a cikin ruwa. Ɗaya daga cikinmu ya so a sayi ƙarin kifi biyu da kuɗin, har yanzu ma yana mita. Amma lambobin da ke kan hita alkawari ne kawai, ma'aunin ne ke faɗin ko an cika. Ba abin mamaki ba ne ka saita 26 ruwa ya tsaya a 24 ko 28. Wannan ba laifi ba ne babba matuƙar ka sani, sai ka ɗan murɗa ka gyara. Rashin sanin ne matsala. A manna ma'aunin a ɗaya ƙarshen akwatin, nesa da hitar, in ba haka ba zafin gefenta kawai zai riƙa gaya maka.

Ba mu sa ta wurin kifi kai tsaye ba. Babban bokiti muka cika, muka tsoma ta da ma'aunin, muka bar ta minti 20 kafin mu jona, don gilashin ya saba da sanyin ruwan. Muka saita 25, muka riƙa leƙawa muna rubutawa. Gwajin yini ɗaya ya kamata ya zama, amma ya ɗauke mu kwana uku saboda ɗauke wuta. Abin da muke jira mu gani da idonmu shi ne fitilar ta mutu da kanta, ta kuma sake kamawa da kanta. Da ta mutu a karon farko sai da muka yi tafi.

A cikin akwati, a sa ta can ƙasa-ƙasa, a ɗan karkace, kusa da inda na'urar tace ruwa ko mai kumfa ke motsa ruwa. Ruwan ɗumi sama yake tashi, idan babu abin da ke juya shi sai sama ta yi ɗumi ƙasa na nan da sanyi. Kada ta taɓa yashi ko duwatsu. Wayar kuma a bar ta ta ɗan sauko ƙasa da soket kafin ta hau, don idan ruwa ya bi jikinta ya ɗiga a ƙasa, kada ya gangara cikin soket.

Wannan kuma da babbar murya muke faɗa, musamman ga masu ƙanne a gida: a cire filogi kafin a sa hannu a ruwa, ko da kifi ɗaya za a tsamo. Idan za a canza ruwa, a cire filogi a jira kamar minti 15 ta huce. Hitar gilashi da ta yi zafi a waje, ruwan sanyi na taɓa ta sai ta tsage. Da hunturu ma sai an ƙara sa ido, saboda busasshiyar iskar nan shan ruwa take yi. Yadda take busar da wanki nan da nan, ta fasa mana leɓe da dunduniya, haka take rage ruwan akwati har ya sauko ƙasa da layin hita ba ka lura ba.

Iyaye za su tambayi kuɗin wuta. Mai wat 50 ko ta yi awa 10 tana aiki ba tsayawa, rabin yunit ɗaya ta ci a mita. Kuma ba ta yin hakan, tana yi tana hutawa.

To idan babu wutar fa?

Wannan tambayar wata 'yar aji ɗaya ce ta yi mana ita, muka yi shiru. Gaskiya ce, hita mafi kyau a duniya idan an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare ta zama kwalba. Sai muka koma kan lissafin nan na jul 4200. Ruwa yana da wuyar ɗumamawa, amma saboda wannan dalilin yana da wuyar hucewa. Ke nan aikinmu shi ne mu hana zafin da ya riga ya shiga guduwa.

Mun ɗauke akwatin daga jikin taga. Mun samo farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin ko firji, muka shimfiɗa a ƙarƙashi, muka manna a baya da gefe biyu, muka bar gaba don kallo. Mun yi masa murfi, domin ruwan da ke tashi sama yana tafiya da zafi mai yawa, dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan. Da dare za a lulluɓe shi da tsohon bargo, a bar 'yar kafa don iska. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba kuma ma'auni ya fara sauka, sai a zuba ruwan ɗumi a gorar roba, a rufe ta sosai, a sa ta yi iyo a ciki, idan ta huce a canza. Kada a tuttula ruwan zafi kai tsaye. A rage musu abinci kuma, don abin da ba su ci ba ruɓewa yake ya ɓata ruwan. Da mun san bargo da soso kaɗai bara, muna jin da ba mu rasa takwas ba, kuma ba sa cin ko kwabo.

Daga Maris zuwa Mayu labarin juyawa yake. Hita ba ta sanyaya ruwa, a lokacin sai a cire ta, a goge, a mayar kwali, a cire soson, a nema wa akwati inuwa.

Yanzu dai kifaye ukun suna ɗakin kimiyya, kuma ɗaya cikinta ya yi girma, Malam ya ce mu sa ran 'ya'ya, don gupi haihuwa take yi ba ƙwai take sakawa ba. Mun liƙa takarda a gefen akwatin, muna rubuta abin da ma'auni ya nuna kafin taron safe da kuma lokacin tashi. Kowa na iya zuwa ya duba, amma don Allah a daina ƙwanƙwasa gilashin. Hutun Disamba ya kusa, muna neman gidan da zai karɓe su. Mun fi son gida mai sola ko wanda wutar layinsu ke kwana, da wanda zai iya tashi da asuba ya leƙa ma'auni. Duk mai so ya fara tambayar iyayensa, sannan ya ba sakataren kulob sunansa da ajinsa kafin ranar Juma'a. Bargon da soson mu za mu kawo.